Halan ko Holan? Abubuwan Ban Mamaki 22 a Kan Sunayen Mutanen Sikandinabiya, Daga Bencin Gidan Kallo a Pataskum

Wata Asabar da yamma, a wani gidan kallon ƙwallo nan Pataskum, janareta na ruri a waje, zufa na tsiyaya a ciki, sai dogon yaron nan na Manchester City ya sake zura ƙwallo a raga. Ɗaki ya ɗauka gaba ɗaya: "Halan! Halan!" Wani ɗalibi da ke gefena, wanda ya zo hutu daga jami'a, ya gyara zama ya ce, "Ai ba Halan ba ne, Holan ake cewa." Wani direban tirela da ke bayanmu ya dafa kafaɗarsa ya ce, "Ƙanena, Baturen da ke sharhi a talabijin ma Halan yake cewa. Kai ka fi shi Turanci ne?" Aka kwashe da dariya, yaro ya ja bakinsa ya yi shiru.

Amma ɗalibin ne ke da gaskiya. Sunan ba na Turanci ba ne, kuma Baturen Ingila baƙo ne a wurinsa kamar yadda muke baƙi. Mu ne dai muka saba ɗaukar duk abin da ya fito daga bakin mai sharhi a matsayin daidai, alhali shi ma lalube yake cikin duhu. Tun daga ranar na shiga bin diddigin sunayen mutanen Norwe da Suwidin da Danmak, ƙasashen da ake kira Sikandinabiya, har da 'yar'uwarsu Aislan. Ga abin da na tsinto.

1. A biyu da ba a ba ne

A Norwe da Danmak, idan ka ga aa a cikin suna, tsohuwar hanyar rubuta harafin å ce, wato a mai ɗan zobe a ka. Sautinsa "o" ne mai ja, kusan irin na "ƙofa". Harafin d na ƙarshe kuwa haɗiye shi ake yi. Ka ga Haaland ya zama Holan ke nan. An haife shi a Leeds a 2000, lokacin da mahaifinsa Alf-Inge ke taka leda a Ingila, kuma a gida Håland ake rubuta sunan gidansu. A kakarsa ta farko a Firimiya, 2022/23, ya ci ƙwallo 36, ya kafa tarihi. Sau 36 ke nan muna tashi tsaye muna ɓata masa suna da iyakar ƙarfinmu.

2. Kyaftin ɗin Arsenal, ɗan kufai

Martin Ødegaard, wanda muke kira Odigad, ƙarshen sunansa "gor" ne, ba "gad" ba. Ma'anar ta fi furucin ban mamaki. Øde na nufin wurin da aka watse aka bari, gård kuwa gona ce da gidanta. Wato kufai. A 1349 annobar nan da ake kira Baƙar Mutuwa ta shiga Norwe ta tashar jiragen ruwa ta Bergen, ta lashe wajen rabin mutanen ƙasar, gonaki suka zama ba mai noma. Waɗanda suka zo daga baya suka sake share su, sai sunan ya bi su har jikoki. Da a ƙasar nan aka haife shi, da Martin Na-Kufai za mu riƙa ce masa.

3. Gwada da bakinka

Ka tsuke leɓɓanka kamar za ka ce "o", ka riƙe su haka, sannan ka ce "e" ba tare da ka sake su ba. Abin da ya fito shi ne ø, wanda mutanen Suwidin ke rubutawa ö. Ka sake turo baki kamar za ka ce "u", amma ka ce "i". Wannan shi ne y ɗinsu, domin a wurinsu wasali ne. Na uku, æ, ka wangale baki kamar za ka ce "a", ka ce "e", irin kukan tunkiya. Na zauna ina wannan gwaji a teburin mai shayi, ina tsuke baki ina wangalewa. Ya daɗe yana kallona, can ya ce, "Malam, shayin ne ya yi zafi, ko in ƙara madara?"

4. Wasulansu sun fi namu yawa

Hausa na da wasula 5: a, e, i, o, u, kowanne da dogo da gajere, sai tagwaye irin su ai da au. Harshen Suwidin na da haruffan wasali 9, kowanne shi ma da dogo da gajere. Na Danmak ya wuce nan, domin masana da yawa na ƙirga masa sautin wasali fiye da 20. Amma mutumin Yobe ba baƙon wasali na shida ba ne. Ngizim da Bade da Kanuri duk suna da wani wasali da ake rubutawa kamar e da aka kifa, ǝ, wanda Bakano kan sha wuya kafin ya kama shi.

5. Aa a ƙarshen layi

Abacadar Danmak da Norwe haruffa 29 ce, tana ƙarewa da æ, ø, å. Ta Suwidin ma 29 ce, tana ƙarewa da å, ä, ö. Tun da aa da å abu ɗaya ne, garin Aalborg a can ƙarshen ƙamus za ka same shi, bayan z. Norwe ta karɓi å a hukumance a 1917, Danmak sai 1948. Birni na biyu mafi girma a Danmak ya koma Århus a 1948, ya sake komawa Aarhus a 2011. Rubutu ya sauya sau biyu, furuci yana nan inda yake: da "o" ake farawa.

6. Garin da sunansa harafi ɗaya

A tsibiran Lofoten na arewacin Norwe akwai ƙauyen masunta mai suna Å. Shi ke nan sunan, ba gaba ba baya. Ma'anarsa rafi. Ø kuma a harshen Danmak tsibiri ne. Ƙauyen Å na da gidan tarihi na busasshen kifi, irin mai tauri kamar itace da Inyamurai ke kira okporoko, kuma Nijeriya na cikin manyan masu sayen sa, musamman kawunan. Mai yiwuwa ka taɓa cin kifin yankin a miyar wani gidan abinci ba ka san daga inda ya taso ba.

7. Suwidin ma na da Fika

Wannan ya fi ba ni dariya. Kowane ɗan Pataskum ya san Fika: garin Bolawa, masarautar da aka dawo da hedikwatarta nan Pataskum a 1924, da fadar Moi Fika. To a Suwidin, fika na nufin a ajiye aiki a zauna a sha gahawa da ɗan abin taɓawa ana hira. Al'ada ce da ba sa wasa da ita, har a ofisoshi. Ana cewa kalmar ta samo asali ne daga juya gaɓoɓin kaffi, irin zaurancen da yaranmu ke yi. Idan mutumin Suwidin ya ce maka a tafi fika, kada ka nufi tasha neman mota.

8. Kaka abin ci, mata ciyarwa

A harshen Suwidin kaka na nufin kek ko biskit. Mata na nufin ciyarwa. Gata titi ne. Bara kuwa "kawai". Kakanni a wurinsu kowa da sunansa: mormor uwar uwa, morfar uban uwa, farmor uwar uba, farfar uban uba, inda mu muka tattara su duka cikin kaka guda. Akwai kuma wani gari a Norwe, dab da yankin da rana ke ƙin faɗuwa a tsakiyar bazararsu, mai suna Mo i Rana. Babole da ya gan shi a rubuce zai ɗauka wani sabon Moi aka naɗa wa rana. Duk dace ne kawai, ba dangantaka tsakanin harsunan.

9. Su ma suna da karin sauti

Nan ne muka fi Bature. A Hausa kuka na ido daban, kuka ta miya daban. Wuya na jiki daban, wuya ta wahala daban. Hawa da saukar murya ne ke rarrabe su. Turanci ba shi da wannan, amma harsunan Suwidin da Norwe suna da irinsa. A Suwidin anden da wani kari agwagwa ce, da wani karin kuma ruhi ne. A Norwe bønder manoma ne, bønner wake ne, kuma a baki kari ne kaɗai ya raba manomi da abin da ya noma. Shi ya sa in suna magana sai ka ji kamar rera ta suke. Ɗan Ingila kan yi shekaru a can bai ji bambancin ba. Kunnen da ya tashi yana rarrabe fari na launi da fari na rashin ruwa ba ya buƙatar dogon bayani.

10. Rufi ko godiya

A Suwidin tak da dogon wasali rufin ɗaki ne, tack da gajeren wasali da baƙi mai nauyi kuwa "na gode" ne. Glas gilashi ne, glass kuma askirim. Mu da muka san bambancin gari na zama da gari na tuwo, da mana da manna, da daba da dabba, wannan karatun gida ne.

11. Hamzar mutanen Danmak

Danmak ba ta bi maƙwabtanta wajen kari ba. Abin da take da shi wata 'yar maƙurewar murya ce da suke kira stød, mai kama da abin da muke yi a tsakiyar "ɗa'a" ko "sa'a". Hun ba maƙurewa na nufin "ita", hund da maƙurewa kare ne. Mor uwa ce, mord kisan kai ne. Ka ga wurin da ɗan kuskure zai iya jawo wa baƙo mari a gidan surukai.

12. R ɗinmu, l ɗinsu

Hausa na da r iri biyu ko da yake harafi ɗaya muke rubutawa. Akwai ta "ruwa" da "rana", wadda harshe ke lanƙwasawa baya ya bugo gaba sau ɗaya, akwai kuma mai karkarwa ta "carbi" da "barka". Da su ake rarrabe bara mai yi wa sarki hidima da bara ta almajiri. Ta farkon nan, da ke ba baƙi wuya, ita ce sautin da mutanen gabashin Norwe da wasu sassan Suwidin ke kira "l mai kauri", suna sa shi a kalmomi irin su sol, wato rana. Mun daɗe muna furta shi ba mu san yana da dangi a ƙasar ƙanƙara ba.

13. O da ke zama u

A Norwe da Suwidin harafin o sau da yawa "u" ake karanta shi. Ole Gunnar Solskjær, wanda ya ci wa Manchester United ƙwallon da ta ba ta Kofin Zakarun Turai a 1999, sunansa kusan "Sulshar" ne, domin skj ɗin nan uku "sh" ce guda. Babban birnin Norwe, Oslo, a bakin da yawa daga mazaunansa "Ushlu" ne. Bodø, garin da Victor Boniface ya fara taka leda a Turai, da "Bu" ake fara shi. Kulob ɗin garin ne, Bodø/Glimt, ya narka wa Roma ta Mourinho 6 da 1 a 2021.

14. G da ke zama y

Alhassan Yusuf, ɗan Kano, ya buga wa IFK Göteborg kafin ya wuce Beljiyam. Garin da ya zauna, g ɗinsa na farko "y" ne, na ƙarshe ma "y" ne: wani abu kamar "Yoteboriy". Dokar ita ce, a Suwidin g da ke gaban e, i, y, ä, ö kan koma "y", k kuma ya koma wani abu kusa da "sh", shi ya sa Linköping ke fita kamar "Linshopin". Viktor Gyökeres da Arsenal ta sayo a 2025, "Yokeres" suke ce masa a can, ko da yake asalin sunan na Hangari ne, daga wajen kakansa.

15. Danmak, inda ake rubuta goma a furta biyar

Midtjylland: haruffa 11, amma a baki bai wuce "Mityulan" ba. Ma'anarsa tsakiyar yankin Jylland. Kulob ɗin ya raini 'yan Nijeriya da dama, irin su Frank Onyeka da Raphael Onyedika da Paul Onuachu, wanda ya ci ƙwallon da suka doke Manchester United 2 da 1 a Fabrairun 2016. A karawa ta biyu ne aka fara jin sunan wani yaro wai shi Marcus Rashford. Rasmus Højlund kuwa "Hoilun" ne. Idan mutanen Danmak na son tsokanar baƙo sai su ce ya faɗi rødgrød med fløde, sunan wani faten 'ya'yan itace ja da ake zuba wa kirim. Yana da ø uku da wani d mai laushi da ke narkewa a baki kamar l. Maƙwabtansu ma na yi musu ba'a cewa suna magana kamar da dankali a baki.

16. Ranar da Ahmed Musa ya ci 'ya'yan mutane

Ranar 22 ga Yunin 2018, a Volgograd ta Rasha, Ahmed Musa ya zura wa Aislan ƙwallo 2 a Gasar Kofin Duniya. Wanda ya lura da rigunansu ya ga kusan kowa sunansa na ƙarewa da son. Ba 'yan gida ɗaya ba ne. Son na nufin "ɗan", kamar yadda muke cewa Ɗan Fodiyo ko Ɗantata. Golan da aka ci, Hannes Halldórsson, Hannes ɗan Halldór ke nan. Mace kuwa dóttir ake sa mata: Vigdís Finnbogadóttir, wadda ta shugabanci ƙasar daga 1980 zuwa 1996, 'yar Finnbogi ce. Har yau yawancinsu ba su da sunan dangi, kowa da sunan ubansa yake tafiya, kamar mu, kuma littafin lambobin wayarsu da sunan yanka aka riƙa jera shi. A Danmak da Norwe sen ne, a Suwidin son, amma su sun daskare sun zama sunan gida. Zlatan Ibrahimović ma, haifaffen Malmö a 1981, "ɗan Ibrahim" sunansa ke nufi, sai dai da harshen mahaifinsa ɗan Bosniya.

17. Almajiri da Bangizime sun fi ɗan jarida

Aislan ta riƙe tsofaffin haruffa biyu, þ da ð. Na farko daidai yake da ث na Larabci, na biyu da ذ. Duk yaron da ya zauna gaban malamin tajwidi aka hana shi mayar da su s da z, ya riga ya iya su. A Afrilun 2010 wani dutse mai aman wuta a ƙasar ya turnuƙe samaniyar Turai da toka, aka soke tashin jirage wajen 100,000, 'yan jaridar duniya kuma suka yi ta tuntuɓe da sunansa: Eyjafjallajökull. Abin da ya fi kayar da su shi ne ll, wanda ake furtawa "tl", iska na fita ta gefen harshe. Harshen Ngizim na da sauti mai kama da wannan, ana ma rubuta shi tl, kamar yadda yake a ƙamus ɗin da Russell Schuh ya wallafa a 1981 bayan zaman da ya yi yana nazari a nan Pataskum. Dattijon da ke saƙa asabari a bayan gari ya fi mai karanta labarai na Landan kusa da sunan dutsen nan.

18. Sunan gona, sunan gari

A 1923 Norwe ta yi dokar da ta tilasta wa kowa ya riƙe sunan gida tsayayye. Da yawa sai suka ɗauki sunan gonar da suke zaune, shi ya sa sunayensu ke cike da tudu da kwari da rafi: berg dutse, dal kwari, lund kurmi, vik lungun teku. Mu ma da boko ya zo da rajistarsa, sunan gari aka riƙa liƙa wa yara: Aminu Kano, Shehu Shagari, Abubakar Tafawa Ɓalewa. Takarda ce ta matsa wa kowa, can da nan.

19. Likitan da ya bar sandarsa a Numan

A 1913 wani likita ɗan mishan daga Danmak, Niels Høegh Brønnum, ya sauka a Numan, ƙasar Bachama. Daga aikinsa ne cocin Lutheran ta Kristi a Nijeriya ta tsiro, kuma makarantar horar da limamanta da ke kusa da Yola na ɗauke da sunansa. Sai dai a allo Bronnum za ka gani. 'Yar sandar da ta ratsa o ɗin ta faɗi a hanya, keken rubutun Ingila ba shi da ita.

20. Sarki a cikin wayarka

Duk yaron da ya ce "kunna bulutut in tura maka" sunan sarki ya ambata. Harald Blåtand ya mulki Danmak a ƙarni na 10, laƙabinsa na nufin mai shuɗin haƙori, Turawan Ingila suka fassara shi Bluetooth. An zaɓi sunan ne don ya haɗa kan ƙabilu kamar yadda fasahar ke haɗa na'urori, kuma tambarin nan shuɗi haruffan H da B ne na tsohon rubutunsu aka ɗora wani kan wani. A garin tireloli irin namu ba a rasa Scania, sunan Latin na lardin Skåne da ke kudancin Suwidin, wanda su ke kira "Skone". Kwantenar Maersk da ake ja a baya kuwa Mærsk ce a gida. Amma kada a haɗa da Nokia: ta Finlan ce, harshensu kuma ba dangin waɗannan ba ne ko kusa.

21. "I" da ake shaƙa ciki

A arewacin Suwidin, wajejen Umeå, mutum kan amsa "i" ta hanyar zuƙar iska da sauri ta tsakanin leɓɓa, kamar wanda ya kurɓi kunu mai zafi. Baƙo kan firgita ya zaci wani abu ya same shi. Kafin mu yi dariya mu tuna da tsaki, da ƙwafa, da ɗan ƙaran nan da muke yi a maƙogwaro baki a rufe idan mun yarda da magana. Ba ɗaya daga cikinsu da ke cikin abacada, amma kowa na gane su.

22. Abin da aka yi wa København shi aka yi wa Pataskum

Babban birnin Danmak sunansa København, kusan "Kobenhaun", wato tashar fatake. Bakin Ingila ya mayar da shi Copenhagen, ya mayar da Göteborg Gothenburg. Bakin nan dai shi ya mayar da Pataskum Potiskum, Sakkwato Sokoto, Gaidam Geidam, Haɗeja Hadejia. Faransawa suka mayar da Tawa Tahoua, Maraɗi ta rasa lanƙwasarta. Mu ma ba mu bar bashi ba: Port Harcourt ta zama Fatakwal, Onitsha ta zama Anaca, Ibadan ta zama Badun, ga sukudireba da asibiti da burodi. Harshenmu ba ya son baƙaƙe su cunkushe wuri ɗaya, sai ya cusa wasali ya raba su, kuma p da f a wurinsa ɗan juma ne da ɗan jummai, shi ya sa wani zai ce Pataskum, wani Fataskum. Kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi.

Inda muka bambanta da mutanen Sikandinabiya shi ne wajen riƙon abin gida. A fasfon ɗan Norwe, a layin da na'ura ke karantawa, ø kan koma oe, å ya koma aa, æ ya koma ae, domin na'urar filin jirgi ba ta san su ba. Amma a jaridarsu da allon titi da littafin makaranta ba wanda zai yarda a cire zoben ko sandar. Mu kuwa ɓ da ɗ da ƙ, da suka shiga rubutun boko tun shekarun 1930, su muke fara zubarwa da zarar mun ɗauki waya.

Na ɗanɗani kuɗar wannan da kaina. Kawuna ya taɓa ba ni kuɗi in kai wa Gwaggo na cefanen biki. Na kai, ta ƙirga, ta sa albarka. Na ce wa ƙanena ya tura wa Kawu saƙo ya sanar da shi. Yaro ya rubuta: "Yaya ya bata kudin." Ko minti biyar ba a yi ba waya ta yi ƙara. "Kai! Me ka yi da su? Kuɗin bikin ka ɓata?" Na ce, "Kawu, wallahi na ba ta, ga ta nan ma." Sai da Gwaggo ta karɓi wayar ta ce, "Yaya, kuɗi na hannuna, ka bar yaro ya sha ruwa," sannan hankalinsa ya kwanta. Tsakanin "ya ba ta" da "ya ɓata" ba komai sai 'yar tazara da 'yar lanƙwasa, amma saura ƙiris su raba ni da kawuna.

Da Asabar ta zagayo na koma gidan kallon. Direban nan na wurin zamansa, ɗalibin kuwa hutu ya ƙare ya koma makaranta. Na ba direban labarin zoben da ke kan a, da kufan Ødegaard, da fikar Suwidin. Ya saurara har ƙarshe, ya gyaɗa kai, ya ce, "To Malam, na ji. Amma ranar da Baturen can ya iya cewa Pataskum, ni ma zan ce Holan." Kafin in ba shi amsa dogon yaron ya sake girgiza raga, ɗaki ya ɗauka, ni ma na tsinci bakina cikin masu ihun "Halan!"